Azumin da Lawal Ya Yi a Kan Benci

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan ba da labarinsa ya haura shekara goma, kuma ban ajiye komai a rubuce ba a lokacin. Akwai wuraren da nake gani tar kamar jiya, akwai kuma waɗanda ban sani ba ko da idona na gan su, ko kuwa yawan jin su a bakin abokai ne ya sa suka zauna mini a kai. Inda nake shakka zan faɗa.

Jinkirin ruwan bana ne ya tayar mini da maganar. Hadari ya yi ta haɗuwa daga gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sai kuma ya watse kamar ba a yi ba. A irin wannan yammaci ina zaune a shagon cajin waya na ji wasu samari suna gardama a kan wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar waje, wadda ta ɗauki matasan 'yan wasa ta jera su a benci. Ɗaya yana cewa a bar su su ƙara hankali tukuna, ɗaya yana cewa mutum ba ya koyon wasa da ɗuwawu. Ban sa musu baki ba. Lawal kawai na tuna.

Ina jin mutane da yawa a Dutsin-Ma ba su ma san an taɓa yin ƙungiyar ƙwallon kwando mai biyan 'yan wasa a garin ba. Na ce mai biya, amma kada a ɗauka wani babban abu ne. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya ɗauki nauyinmu saboda sha'awa, abin da yake bayarwa kuwa na sabulu ne da na mota. Amma dai muna da riguna iri ɗaya, muna da koci, ana kuma gayyatarmu wasa har Katsina da Malumfashi. Filinmu wani daɓen siminti ne a bayan wata makaranta, ya tsattsage, ciyawa na fitowa ta tsagar da damina. Ni a lokacin na gama bautar ƙasa, ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Gwiwata ta dama ta daɗe da lalacewa, saboda haka zamana a benci bai dami kowa ba, har ni. Farfesa suke kirana, ba don girmamawa ba.

Muna da wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa furta ta: babba ba ya fita daga fili don yaro ya shiga. Sabon zuwa zai share fili, ya ba ƙwallo iska, ya ɗebo ruwa, ya jira. Gaskiya a lokacin ban ga aibinta ba. Haka muka tashi, a gayya ma manya ke gaba. Shi kuma Koci Mannir yana da nasa tsoron, don Alhaji ba ya son ya ji an ci mu, in an ci mu sai a yi sati bai amsa gaisuwarsa da kyau ba. Duk wanda aka saba da shi, ko numfashinsa ya fara gajarta, shi ne abin dogaro.

Lawal ɗan wata ruga ce kusa da Barkiya, ta ƙasar Kurfi. Koci ne ya gano shi a kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, yana riƙe da igiyar bijimi, kansa ya ɗara na kowa. Bai kai ashirin ba, in ban yi kuskure ba. Da kaka ya zo mana, ko buga ƙwallo a ƙasa bai iya ba, muka yi ta masa dariya, Kabiru kyaftin ɗinmu ya laƙaba masa Gora saboda tsawonsa. Kafin zafi ya shigo dariyar ta ragu. A atisaye in ya ɗaga hannu a ƙarƙashin kwando sai ka rasa ta inda za ka jefa. Amma atisaye daban, wasa daban, kuma a wasa ba a taɓa sa shi ba.

Shi ne ɗan fari a gidansu, masu bi masa mata ne da ƙananan yara. Mahaifinsa, Malam Sanda, bai so tahowarsa ba. Kawunsa ne ya shiga tsakani, aka yi sharaɗi: an ba shi zuwa ruwan shuka. Tsohon ya ce wata rana zai zo da kansa ya ga abin da ake yi. In ya ga abin na da kan gado ya bar shi, in ba haka ba garma na jiransa. Bai faɗi ranar da zai zo ba, kuma a cikinmu babu wanda ya san fuskarsa, har kocin.

A shekarar azumi ya faɗo daidai bakin damina, damina kuma ta ƙi shigowa.

A ɗakina na zaure Lawal yake kwana. Da sahur Inna, mahaifiyata, takan miƙo mana ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, wani lokaci da ɗan kunu. Hatsi ya yi tsada, rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, har Inna ta fara auna garin da hannu tana ragewa. Amma kwanon Lawal ba ta taɓa rage shi ba.

"Wannan tsawon naka sai da cikowa," in ji ta. "Shi Farfesan naku zama yake, ko ruwa ya sha ya ishe shi."

Da hantsi famfo ba ya kawo komai, rijiyar unguwa kuma sai ka zura guga ka jira kafin ta tara abin da zai rufe gindinsa, shi ma ja ne kamar kunun kanwa. Lawal ne yake tura kura da jarkoki ya je nesa ya samo wa Inna ruwa, ba wanda ya sa shi. Daga azahar gari yakan mutu. Kwanon ɗaki yana ƙara don zafi, awaki su lafe a jikin bango suna haki, mu kuma mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Yawu yakan ƙafe har harshe ya manne a dasashi.

Bayan la'asar muke fita fili. Simintin yana ratsa takalmi ya ƙona tafin ƙafa. Ba ma gudu sosai, jifa muke yi da ɗan miƙe-miƙe, sai a ƙarshe a raba mu gida biyu na ɗan lokaci. Nan ne kaɗai Lawal yake samun wasa. Mukan jiƙa rigunanmu a bokiti mu mayar jiki, kowa yana kaffa-kaffa kada ɗigo ya faɗa masa a baki. In an kira magariba sai mu zauna a gefen fili, dabino ɗaya ya zagaya hannu biyu, a fasa ƙanƙara da dutse in an samu, a raba ƙosai. Har yau ban sha ruwan da ya kai na wannan bokitin daɗi ba, ko da yake wataƙila ƙishin ne.

Cikin kwanakin tsakiyar azumi aka fita roƙon ruwa a filin Idi. Tsofaffi sun juya rigunansu, yara na kuka, wasu makiyaya sun tsaya daga baya da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Lawal ya ce,

"Yaya, in tambaye ka. Kai da ka yi karatu."

"Ba irin wannan karatun na yi ba, amma faɗi."

"In mutum ya ce amin da baki, zuciyarshi tana cewa a ɗan dakata, yana da laifi?"

Na ce ban gane ba, alhali na gane.

"Shanunmu biyu sun kwanta," ya ce. "An aiko mani. Tsoho har binne ya yi, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, tururuwa na kwashewa. Wallahi ina son ruwan nan. Amma ran da ya sauka tawa ta ƙare, ko sau ɗaya ban shiga ba."

Na ce masa Allah ya san abin da ke zuciyar kowa, kuma shi ba ya saukar da ruwa ko ya riƙe shi don zuciyar mutum ɗaya. Ban sani ba ko amsar ta yi daidai. Ita ce ta zo mini.

Washegari na raka shi wurin Koci Mannir. Koci mutum ne mai kirki, kada wani ya karanta wannan ya zaci mugu ne. Yana zaune yana ɗinke ragar kwando da zaren buhu, ya saurare mu har ƙarshe.

"Gora, kana ganin ban san ka iya ba? Amma in na fidda Kabiru na sa ka, gobe da wane ido zai kalle ni? Shi ya kafa ƙungiyar ga tare da ni, lokacin kana bin maraƙa."

"Ko na minti kaɗan ne, Koci."

"To ji nan. Ran da tsohonka ya zo, ka nuna mani shi. Wallahi ko da wa muke wasa sai na sa ka zango guda cur, kowa ya yi fushinshi. Wannan uzuri ne da ko Kabiru zai karɓa. Ka ji?"

Lawal ya ce ya ji. Ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ɗauka murna ce.

A goman ƙarshe aka sa mana wasa da wata ƙungiya daga Katsina, ranar kasuwar garin, bayan la'asar. An ce a cikin tawagarsu akwai wani mai neman matasa don wata babbar ƙungiya. Ban tabbatar da wannan ba, ban kuma ga wanda ya yi kama da haka ba, amma maganar ta sa manyanmu kowa ya ɗaure takalmi da kyau. Alhaji ma ya zo, aka ajiye masa kujera.

Ranar ta fi kowace rana zafi. Babu iska ko kaɗan, sararin sama ya yi fari fat. Akwai wata bishiyar bedi can gefe, da ɗan nisa daga inda 'yan kallo suke taruwa. Tun muna share fili na lura da wani dattijo a ƙarƙashinta, siriri, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa. Bai zauna ba. Ranar kasuwa ce, baƙi ko'ina, ban kawo komai a raina ba.

Koci ne ya kawo. Kafin a busa usur ya dubi dattijon, ya dubi Lawal, sai ya taka har gindin bishiyar. Ina kusa, na je ɗauko tsintsiya, na ji su.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da ƙishirwa."

"Barka kadai."

"Halan kana da ɗa a cikin yaran nan?"

Dattijon ya kau da kai wajen hanya. "A'a. Wucewa nake, na tsaya shan inuwa."

Koci ya dawo wurin benci. "Gora, wancan ya ce ba shi da ɗa a nan. Ba tsohonka ba ne?"

Lawal yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure. Bai ɗago ba. Ya motsa baki, abin da na ji shi ne, "Ban duba ba." Kabiru ya ce wai "A'a" ya ce. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba. Alƙalin wasa ya busa, Koci ya juya, maganar ta wuce.

Wasan ya yi tsanani. Mu ci su ci, ba wanda ya tsere wa wani. Manyanmu biyar suka yi ta gudu da azumi a bakinsu, leɓunansu sun yi fari, Kabiru yana dafa gwiwa duk lokacin da aka tsaya. Baƙin namu na Katsina suna canji a kai a kai, har da wasu yara da ba su kai Lawal ba, su yi kuskure kocinsu ya daka musu tsawa ya bar su a ciki. Mu kuwa benci ya cika da mu, ba wanda ya motsa. Lawal yana gefena, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa siminti. Tunda aka fara bai dubi ɓangaren bishiyar nan ba, ko sau ɗaya. Na ce masa, "Ƙishi ne?" Ya gyaɗa kai.

Dab da tashi jijiyar ƙafar Kabiru ta ɗaure, ya faɗi yana salati. Koci ya waiwayo ya yi ihu, "Gora! Tashi!"

Ya shiga. Abin da ya rage bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Baƙin suka jefa, ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando ta yi sama, na ga hannun Lawal ya wuce na kowa. Usur ya tashi. Mu muka ci, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutane suka ruga cikin fili, Alhaji yana ɗaga hula. Sai a lokacin na ga Lawal ya juya wajen bedin. Babu kowa. Motocin Kurfi na ƙarshe kan tashi kafin magariba, duk mai son ya sha ruwa a gida dole ya bi su.

A wurin buɗa-baki ya karɓi dabino ya riƙe a hannu. Ban ga ya ci ba.

Bayan 'yan kwanaki, da azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon bai watse ba. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigon farko, sannan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna tsalle, Inna tana jera robobi da tukwane a bakin indararo tana hamdala da ƙarfi. Muka tsaya a zaure ni da Lawal, feshin yana dukan ƙafafunmu, sanyi na shiga jikin da ya manta da shi. Ya miƙa hannu ruwan ya cika tafinsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wannan na shuka ne."

Da safe ya naɗe tabarmarsa, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama. Ta ƙulla masa gari da kuka a leda, tana faɗa wai don me zai tafi ana saura kwana kaɗan Sallah. A bakin tasha ne ya gaya mini, yana kallon ƙasa.

"Shi ne fa, Yaya. Mai malfar."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In nuna shi da yatsa, cikin mutane? Shi ya ce ba shi da kowa. Ni ne zan ƙaryata shi?"

Bayan Sallah muka hau babur ni da Koci Mannir zuwa Barkiya. Hanyar ta yi laka, sau biyu muna sauka muna turawa. Ko'ina gero ya tsiro, kore shar, har ka manta yadda ƙasar take kwanan baya. Muka sami Malam Sanda a gona. Lawal yana can ƙarshenta a duƙe, da ya hango mu bai taso ba.

Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo fura da nono. Koci ya yi ta bayani, ya ba da haƙuri, ya faɗi alkawarin da ya yi, ya ce a ƙara wa yaron ko wata biyu ne.

"Baba, da ka ce mani ɗanka ne, wallahi da tun farko na sa shi."

"In ce nawa ne, a gaban jama'a?" Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka tambaya abin da yaro ma ya sani. "Na fari ne fa."

Koci ya dafe kai. A hanya ya gaya mini shi ma ɗan fari ne, har mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba. Ya ce ranar hankalinsa na kan Alhaji da maki.

"Ni ban san wasanku ba," in ji Malam Sanda. "Amma na tsaya tun azahar. Na ga masu gudu, na ga masu zama. Shi wancan cikin masu zama yake. In zama ne, Malam, akwai wurin zama a gida, ga kuma aiki. Shanu biyu na rasa bana. Ba ni da wani babba sai shi."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma canza magana ba. Muka sha fura, muka yi godiya, ya rako mu har inda muka jingine babur. Koci ya riga ya taka kik sai tsohon ya matso kusa, ya waiga ya tabbatar babu mai jinsa, ya rage murya.

"Malam, tsakaninka da Allah. Shi wancan ɗin, ya iya kuwa?"

Na zaci Koci zai ce ƙwarai, don ni abin da zan ce ke nan. Amma ba haka ya ce ba.

"A atisaye ya fi kowa, Baba. A wasa kuwa ban sani ba. Ban taɓa ba shi lokacin da zan sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma gona.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan nan. Manyan suka yi aure, gwiwoyi suka gaji, babu kuma na bayan da aka horar su karɓa. Filin yana nan, yanzu masara ake shanyawa a kai, yaran unguwa kuma a waya suke kallon wasan. Lawal na gan shi sau ɗaya a kara, shekaru bayan haka, ya yi gemu, da ɗansa a gefe, muka gaisa bai kawo maganar ba, ni ma ban kawo ba. Da rashin tsaro ya tsananta a yankin na ji an ce sun tashi daga rugar. Wasu sun ce cikin garin Kurfi suka koma, wasu sun ce sun yi nisa. Ban samu tabbaci ba.

Duk wanda ya halarci wasan nan, ko ya san mutanen, ina roƙon ya aiko da gyara ta hannun masu wannan shafi, ko a kan ƙaramin abu ne. Wuri ɗaya ne ya fi damuna. Ni a tunanina Lawal ya cafke ƙwallon nan da hannu biyu kafin a busa usur. Kabiru, da yake kwance a gefe, ya ce taɓa ta kawai ya yi ta fita waje. Koci Mannir ya rasu, Allah ya jiƙansa, babu damar tambayarsa. In akwai wanda ya gani da kyau, don Allah ya faɗa mini, domin iyakar wasan da Lawal ya yi ke nan, ba na so in rubuta shi ba daidai ba.